Babi na Huɗu: Iskokin Gulbin Kabi da Allolin Girka da Rum

Mutanen da suka zauna a kwarin Rima tun kafin Musulunci ya kafu sosai sun ɗauki gulbi a matsayin gida mai masu shi. Ruwan da ya taso daga gabas ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa kogin Kwara, shi ake kira Gulbin Kabi a wannan yanki, kuma shi ne ke ciyar da jama'a da kifi da shinkafar fadama. Shi ne kuma ke cin mutum idan ya cika ya batse. Abin da ke ba da abinci kuma yake kisa, dole a nemi hanyar zama lafiya da shi. Hanyar da Kabawan zamanin da suka bi ita ce ta ba mazauna ruwan sunaye, su san halin kowane, su san abin da yake so da abin da ke fusata shi. Girkawa da Rumawa na zamanin da sun yi irin wannan da tekunsu da kogunansu da maɓuɓɓugansu. Idan aka jera tsarin biyu, kowane yana haskaka ɗan'uwansa.

Birnin da ba a gani

A ƙasar Hausa ana kiran waɗannan halittu iskoki, ko aljanu, ko kuma a sakaya a ce mutanen ɓoye. Masu bori sun ce suna da birni nasu mai suna Jangare, wanda idon ɗan'adam ba ya gani. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a tsakanin 'yan bori da makaɗansu a Kano ya kuma wallafa littafinsa a 1983, ya tarar an kasa birnin gida goma sha biyu. Sarkin Aljan Sulemanu ne ke kan gidan farko, kuma shi ne sarkin birnin baki ɗaya. Akwai gidan malamai da Malam Alhaji ke jagoranta, da gidan kutare, da na Fulani, da na mahauta, da na makaɗa, da na arna. Iskokin suna aure, suna haihuwa, suna kishi, suna ba da riƙon 'ya'ya a tsakaninsu. Wanda ya san fadar sarkin Hausa da unguwannin birni ya riga ya san fasalin Jangare.

Girkawa kuwa sun ajiye manyan allolinsu a kan dutsen Olimfus, dutse mafi tsawo a ƙasarsu, wanda ya haura mita 2,900. Su ma sun ƙidaya manyan goma sha biyu, Ziyus na bisa kujera, matarsa Hira na gefe, 'ya'ya da 'yan'uwa na kewaye. Mawaƙinsu Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tsara asalin kowane da wanda ya haife shi. A labarinsu, 'yan'uwa uku ne suka raba duniya ta hanyar ƙuri'a: sama ta faɗa wa Ziyus, teku ta faɗa wa Fosaidon, ƙarƙashin ƙasa inda matattu suke ya faɗa wa Hadis. Da Rumawa suka yi ƙarfi sai suka daidaita nasu allolin da na Girkawa, Jufita ya zama takwaran Ziyus, Neftun ya zama takwaran Fosaidon.

Akwai bambanci babba da ya kamata a riƙe tun daga nan. Ziyus haifaffe ne, yana da uwa da uba, kuma ya hau mulki ne bayan ya tumɓuke mahaifinsa Kronos. Maguzawan da Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano, ya rubuta littafi a kansu a 1946, sun yarda Allah ne ya halicci kome, har da iskokin kansu. Sai dai sun ɗauka ya yi nisa da al'amuran yau da gobe, don haka iskoki ake yi wa yanka idan ana neman ruwan sama ko haihuwa ko sauƙin ciwo. Saboda haka Sulemanu sarki ne a cikin halittu, amma bai taɓa zama mahalicci a idon mabiyansa ba.

Kowane da halinsa

Abin da ya sa waɗannan halittu suka zauna a zukatan mutane shi ne kowane yana da hali da ake gane shi da shi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da turare da caca, hannunsa a sake, abin da ya samu sai ya rabar. Malam Alhaji dattijo ne mai tari, yana zaune da farin kaya da carbi. Kuturu yana zuwa da yatsu a dunƙule, yana koran ƙuda, yana magana ta hanci. Sarkin Rafi, mai rijiyoyi da rafuka da lambuna, mafaɗaci ne, kuma ana danganta hauka da shi. Barhaza Bafulatana ce mai kunya da son nono.

Sai Inna, wadda ake kuma kira Doguwa ko Bafilatana saboda tsoron kama sunanta. Ita ce ake cewa tana shanye hannu ko ƙafa, kuma sunanta ya zauna daram a bakin kowane Bahaushe ta wata hanya da mutane da yawa ba su lura ba. Cutar da ke nakasa yara, wadda ake bi gida-gida ana ɗiga musu rigakafinta, har yau sunanta shan inna. Likita a asibitin Birnin Kebbi ya san ƙwayar cuta ce ke kawo ta, amma da zai yi wa uwa bayani, da sunan Inna zai kira ta. Haka Girkawa suka ɗauki allansu Afolo: a farkon waƙar Homar a kan yaƙin Tarwada, shi ne ya harba kibau suka zama annoba a sansanin mayaƙa, kuma shi ɗin ne ake roƙo ya ɗauke ta. A wurare biyun, mai sa ciwo shi ne mai maganinsa.

Hanyar saduwa da iskoki ita ce hawa. Wanda iska ke hawa ana ce masa doki, mace kuma goɗiya. Kafin mutum ya kai haka sai an yi masa girka, wato zaman jinya da horo na kwanaki a hannun sarkin bori ko magajiya. Kalmar daga girka tukunya take, ba ta da alaƙa da sunan ƙasar Girka. A filin wasa, mai garaya ko mai goge yana kaɗa taken iska, mata na kiɗan ƙwarya, maroƙi na zuba kirari. Can sai jikin doki ya ɗauki rawa, idanu su juye, murya ta sauya. A yafa masa kayan iskan da ya zo, jama'a su matso su gaishe shi, su kai kukansu. In zai tafi sai doki ya yi atishawa, ya farfaɗo yana tambayar abin da ya faru. A Delfi ta ƙasar Girka ma mace ce, wadda ake kira Fitiya, take zama a kan kujera mai ƙafa uku, a ce Afolo ya shige ta, sarakuna da talakawa su zo daga nesa su yi tambaya kafin yaƙi ko tafiya.

Masu ruwa

A Kabi, iskokin ruwa ne a gaba, domin masunta ne ƙashin bayan ƙasar. Sarkawa, masuntan da suka yi suna tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, sun bazu daga Kabi zuwa Yawuri da sauran gaɓar Kwara, kuma sun tafi da iliminsu na ruwa: inda gurbi yake da zurfi, inda kada ke kwana, da abin da ake faɗa kafin a nutse. Mukaman Sarkin Ruwa da Homa a Argungu daga wannan tushe suke. Sarkin Ruwa ne mai kula da lafiyar gulbi, Homa kuma shugaban masunta.

Tsofaffin al'adun da aka gada guda huɗu ne: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari, da shan kabewa. Biyun farko na gulbi ne, biyun ƙarshe na tudu. A gyaran ruwa, masu ruwa da 'yan bori kan shiga manyan jirage su bi gulbi, a tsaya a tsakiya a zuba wa Doguwar ruwa abin da aka tanadar mata, a roƙi kariya ga masunta har shekara ta zagayo. Fashin ruwa shi ne buɗe su: Homa ya nemi izinin Sarkin Kabi, sarki ya sa rana, sannan kowa ya shiga. Kafin ranar, wanda ya jefa koma a gurbin da aka rufe ya yi laifi biyu, ɗaya ga sarki, ɗaya ga masu ruwa. Gyaran gari da shan kabewa kuwa yanka ne da roƙo a gindin wasu itatuwa da duwatsu, don a kori annoba a kuma gode wa samun amfanin gona.

A nan ake ganin aikin da wannan imani ya yi wa jama'a a zahiri. Rufe gurbi na watanni yana ba kifi damar hayayyafa da girma. Tsoron Doguwa ya tsare ruwa a lokacin da babu ma'aikacin gwamnati ko ɗan sanda da zai tsare shi. Giwan ruwan da ake fitarwa daga gurbin Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu, wanda wani sai mutum biyu ko uku sun kama kafin a ɗora shi a sikeli, ya kai wannan girma ne saboda an bar wurin ya huta tsawon shekara. Har gobe mutanen Argungu na cewa Sarkin Ruwa ne ke sallamar kadoji su kauce kafin dubban masunta su faɗa ruwa da homa da gora.

Yamma da Kabi, a ƙasar Dandi da Zabarma, masunta Sorko suna da nasu tsarin, wanda Bafaranshen nan Jean Rouch ya rubuta littafi a kansa a 1960. A wurinsu Harakoi Dikko ce uwar kogin Kwara, Dongo kuma mai tsawa da aradu ne, wanda ke jifa da gatarinsa daga sama. Sorko ne ke yi musu kirari, kuma suna jingina asalinsu ga Faran Maka Bote, gwarzon masunci. Dongo ya fi kowa kama da Ziyus ta fuskar makami, domin Ziyus ma da aradu aka san shi.

Girkawa sun ba kowane kogi allansa. Hesiyod ya ce 'ya'ya mata na Okiyanos dubu uku ne, masu kula da maɓuɓɓugai da tafkuna, 'yan'uwansu maza koguna su ma dubu uku. Babba a cikin kogunan shi ne Akelowus, wanda ya rikiɗa ya zama maciji sannan ya zama bijimi a kokawarsa da jarumi Hirakilis, har aka karya masa ƙaho ɗaya. Rumawa suna girmama Tiberinus, mai kogin da ya ratsa birnin Rum. Ranar 23 ga Yuli, lokacin da zafi ya tsananta ruwa ya ja baya, suna bikin Neftun. Ranar 13 ga Oktoba kuma suna jefa furanni a maɓuɓɓugai, su yi wa rijiyoyi ado. Wannan shi ne gyaran ruwansu.

Dodanni da namun ruwa

Bayan iskoki masu suna da gida, akwai halittun da ke tsakanin dabba da aljan. Mafi kusa da masuntan Kebbi shi ne ayu. Ayu dabba ce ta gaske, mai shayarwa, mai cin ciyawar ruwa, ana samunta a Kwara da Binuwai har da yankin Yawuri. Tana da nonuwa a ƙirji kusa da hannuwanta, tana ɗago kai ta shaƙi iska ta koma. Wanda ya hango ta da almuru daga cikin jirgi zai iya rantsewa mutum ya gani. Daga nan labaran 'yan ruwa masu jan mutum zuwa ƙasa suka sami abin kamawa, kuma shi ya sa farautar ayu ta zama aikin wanda ya gada kuma ya shirya. Girkawa suna da Sairin, mata masu daɗin murya da ke jan matuƙan jirgi zuwa halaka. A zanen farko jikin tsuntsu gare su, daga baya Turawa suka mayar da su masu wutsiyar kifi. A watan Janairun 1493 matuƙin jirgi Kolombus ya rubuta cewa ya ga irin waɗannan mata uku a yankin Karebiyan, alhali dangin ayu ya gani. Sunan da masana dabbobi suka ba dangin ayu baki ɗaya, Sirenia, daga sunan Sairin aka ciro shi. Masuncin Yawuri da matuƙin Girka sun haɗu a kan dabba ɗaya.

Sai maciji mai tsare ruwa. Labarin Bayajida ya ce macijin da ake kira Sarki ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya sare kansa, ya auri sarauniya Daurama, aka sami tushen Hausa Bakwai. Girkawa sun ce Kadmus, shi ma baƙo daga gabas, ya kashe macijin da ke tsare wata maɓuɓɓuga, sannan ya kafa birnin Tibis. Afolo ma sai da ya kashe macijin Faiton kafin ya mallaki Delfi. A duka ukun, mulki na farawa ne daga ranar da aka ƙwato wa jama'a ruwa ko wuri mai tsarki.

Bakan gizo ma yana da mai shi. Maguzawa sun ce Gajimare ne, maciji mai launuka da ke zaune a rijiya ko suri, yana miƙewa sama ya shanye hadari, shi ya sa ake ce masa masha ruwa. Girkawa sun ce Airis ce, 'yar saƙon alloli, bakan kuwa hanyarta ce tsakanin sama da ƙasa. Manomin da ke jiran ruwa a ƙasar da damina ke da wata huɗu ya ga bakan a matsayin mai yanke masa ruwa. Bagirke ya ga hanya. Yanayin ƙasa ne ya raba fassarar.

A tatsuniya kuwa Dodo ne ke riƙe da matsayin ƙato mai cin mutane, mai ƙarfi marar dabara, wanda yaro ko Gizo ke yi wa wayo. Takwaransa a Girka shi ne Folifimus, ƙato mai ido ɗaya da ya tsare jarumi Odisiyus da mutanensa a kogo yana cinsu bibbiyu, har Odisiyus ya bugar da shi da giya, ya tsiyaye masa ido, suka fice a maƙale a cikin tumakinsa. Gizo da kansa, da ƙarya da wayo da kwaɗayinsa, ɗan'uwan allan Girkawa Harmis ne, wanda aka ce ya sace shanun Afolo a ranar da aka haife shi.

Yadda zamani ya juya

Tun da wuri aka sami masu suka a ɓangarorin biyu. A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin Girka mai suna Zenofanis ya zargi Homar da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara. Bayan Kiristanci ya zama addinin daular Rum, sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka a dokokin 391 da 392, gidajen bauta suka mutu sannu a hankali.

A ƙasar Hausa sauyin ya ɗauki ƙarnuka. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, da zuwan Wangarawa da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. A Kabi, Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai wajen 1516 ya kafa daula mai hedikwata a Surame, kuma sarakunan da suka biyo shi Musulmi ne, amma al'adun ruwa sun ci gaba a ƙarƙashin inuwar fada. Irin wannan gauraye ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa wa'azi, ya soki masu yanka ga itatuwa da duwatsu a littattafansa irin su Nurul Albab. Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Ɗanfodiyo, daga baya Kabawa suka tattara a Argungu suka ci gaba da riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke bi ƙauyuka suna karantar da mata, ta ba su madadin dandalin bori. A arewa maso yammacin Kabi, a ƙasar Arewa da ta ratsa iyakar Najeriya da Nijar, tsohon addini ya fi daɗewa: a Lugu ne Sarauniya ta yi wa sojan Faransa turjiya a 1899, kuma a can ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa tambaya kamar yadda Girkawa ke zuwa Delfi.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa da tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan fashin ruwa ya ɗauki sabuwar riga, ya zama bikin kamun kifi da al'adu, tare da wasannin kabanci irin su tseren jirage da kamun agwagwar ruwa da su da hannu. Hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun gado na duniya a 2016. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a ciki har 1942, ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, kuma a can ake ajiye da makamai da layu da kayan su na mutanen da.

Abin da ya rage

Allolin Girka da Rum sun rasa masu bauta fiye da shekara 1,500 da suka wuce, amma sunayensu na nan a taurari irin su Jufita da Neftun, da watanni irin su Janairu da Maris, waɗanda Bahaushe ke faɗa kullum. Dalili shi ne an rubuta su. Homar da Hesiyod da Obid na Rum sun mayar da su littafi, makarantu suka riƙa karantarwa a matsayin adabi da tarihi, ba a matsayin addini ba.

Iskokin Kabi ba su sami marubuta daga cikin gida da wuri ba. Mafi yawan abin da aka fara rubutawa baƙi ne suka rubuta, irin su Tremearne a 1914 da P. G. Harris, wanda ya yi rubutu a kan masuntan Kabi a 1942. Sauran yana cikin taken garaya, da kirarin masunta, da bakin tsofaffin Sarkawa, da kalmomi irin su shan inna da masha ruwa. Mutanen kwarin Rima a yau Musulmi ne, kuma sanin waɗannan sunaye ba komawa gare su ba ne. Hanya ce ta gane yadda kakanni suka fassara ciwo da ambaliya da fari, da yadda suka kafa dokar da ta hana a cinye gulbi a shekara ɗaya. Ɗalibin da ke Argungu ko Birnin Kebbi da ya iya lissafa 'ya'yan Ziyus yana da haƙƙin ya san gidajen Jangare da ma'anar gyaran ruwa, domin da su ne zai karanta tarihin gulbin da ke bayan gidansu.